Baƙar Ƙasar da Sirajo Ya Kawo

Filin da Sirajo ya gina gidansa a Gidan Igwai asalinsa kududdufi ne. Mutanen unguwa suka yi ta cika shi da abin da ya sawwaƙa: ɓaraguzan bulo, busasshen simintin da magina suka rage, fasassun kwalabe, leda, silifa wari-wari. Da ramin ya cika, sai aka fara kiransa fili. Matarsa Balkisu ba ta san wannan tarihi ba sai bayan ta tare, ranar da ta ɗauki fartanya za ta dasa zogale a gindin katanga, fartanyar ta yi ƙara kamar an sari tukunyar ƙarfe.

Ta dasa dai. Zogalen ya kama, ya kai gwiwa, ganyensa ya koma ruwan ɗorawa, daga nan ya tsaya, bai mutu ba bai yi gaba ba. Maƙwabciyarta Adawiyya ta leƙo ta kan katanga ta dube shi, ta ce ai simintin da ke cikin ƙasar ne, yana sa ta kaifi kamar an barbaɗa mata kanwa, saiwa ba ta samun abin da take so. Ta ce ita ma ta sha gwada yakuwa, yanzu a kasuwa take noman tata.

Zogale dai Balkisu za ta iya haƙura da shi. Amma sai 'yarta ta fari, Aishatu Humaira, ta fara rarrafe. Tsakar gidan duk tsini, gwiwoyin yarinyar suka kurje. Kuma Humaira yarinya ce mai bincike, duk abin da hannunta ya kama sai bakinta ya ba da shaida a kansa. A wuni guda Balkisu ta zaƙulo mata guntun bulo, da murfin kwalba, da wani abu da har yau ba a gano ko mene ne ba.

Da Sirajo ya dawo daga aiki ta ajiye masa abinci, ta jira ya ci rabi, sannan ta ce, "Maigida, a samo muna yashin gulbi a shimfiɗa tsakar gidan ga. Ko don wagga yarinya."

"Yashi?" in ji Sirajo. "Yashi mi shika haihwa? Ki bari in kawo miki ƙasa ta gaske. Yarinya ta yi rarrahe, ke kuma ki yi shuka."

Sirajo a fadamar Kwalkwalawa ya tashi, a hannun ƙanin mahaifinsa Baffa Sodangi, kuma abu na farko da ya koya a duniya shi ne, ƙasa in ta yi baƙi to ta ƙoshi. A irin wannan ƙasa Baffa ke fitar da albasa kamar dunƙulen hannu. Da Sirajo ya shigo birni sai ya kama sana'ar babbaka a kwata: kawunan shanu, ƙafafu, ganda. Da tsofaffin tayoyi suke hura wutar, domin wutar taya ba ta gajiya da wuri. A bayan wurin aikin nasu akwai wani tudu inda ake share komai a tara shekara da shekaru, tokar taya, ƙonannen gashi, kashin shanu, ragowar baƙin man da ake kunna wuta da shi. Kullum Sirajo ya wuce tudun nan sai ya ji tausayin ƙasa irin wannan tana zaune babu mai nomanta.

Ranar Lahadi ya yi ta jigila da kura tun safe. Kafin azahar tsakar gidan ta koma baƙa ƙirin daga bakin zaure har ƙofar ɗaki. Ya baje da shebur, ya tattake, ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Dubi nan," ya ce. "Ko Kwalkwalawa ba ko'ina akwai irin wagga ba."

Balkisu na tsaye bakin ƙofa da Humaira a hannu. Ta sunkuya ta ɗebi kaɗan ta murza. Yatsunta suka yi maiƙo.

"Tana wari."

"Taki na wari."

"Warin rigarka ta ka yi."

"To rigata mi ta yi miki? Ke da anka haiha cikin Ƙofar Rini, mi kika sani ga ƙasa? Ku da kuka ganin albasa cikin kwando, ku ce nan taka tsirowa."

Ta karkaɗe hannunta. Ta lura ya gaji, ta lura kuma ya riga ya kira Malam Siddiƙu mai shagon ƙofar gida ya shigo ya gani, Malam Siddiƙu kuwa ya ce ma sha Allahu. Abin da aka yi wa ma sha Allahu ba a kwashe shi a ranar.

Sai ta zuba ido. Abu na farko, da ta watsa ruwan wanke-wanke, ruwan bai shige ba. Ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarawa kamar a kan leda, inda ya taru kuma samansa ya yi launi kala-kala. Na biyu, da rana ta take, ƙasar ta ɗauki zafi fiye da kwanon rufi, ba ta takuwa sai da takalmi. Rana ta Sakkwato kuwa ba ta buƙatar mataimaki. Kajin Adawiyya da suka saba tsallakowa su tona gindin katanga suka zo, suka duba, suka koma. Tururuwar da ke bin bangon madafa ta canza hanya. Da Balkisu ta yi shara, tsintsiya ta tattaro siraran wayoyi masu tsatsa, irin waɗanda ke cikin taya, har cikin tafin hannu. Washegari ta sake shara ta sake samun wani cikin tafin.

Humaira kaɗai ƙasar ta burge. Balkisu ta ajiye ta a kan tabarma ta juya ta sauke tukunya, tana waiwayowa ta tarar da yarinyar ta bar tabarmar, bakinta baƙi har haɓa, tana tauna cikin natsuwa. Ta ɗauke ta da gudu, ta sa yatsa ta kwakwulo, ta wanke, ta sake wankewa. Daga ranar ƙafar Humaira ba ta ƙara taɓa tsakar gida ba. Girki da goyo, wanki da goyo, shara da goyo. Yarinyar ga nauyi, ga son ƙasa, tana zillo tana dukan bayan uwarta, zafi ya feso mata ƙuraje a wuya da ƙirji inda zani ke kamawa. In an shiga ɗaki an sauke ta, kai tsaye take nufar ƙofa.

Ranar awo Balkisu ta ƙulla ƙasar a leda ta tafi da ita asibitin unguwa. Bayan an auna Humaira ta kwance ta nuna wa nas. Nas ɗin ta sansana, ta miƙo mata da sauri.

"Ina kika samo wannan?"

"Tsakar gidanmu."

"Gareji kuke zaune?"

Balkisu ta yi mata bayani. Nas ta ce ita ba ta da abin gwada ƙasa, amma abin da aka ƙona taya a kai ba wurin wasan yaro ba ne. Akwai ƙarafa da guba a tokar da ido ba ya gani, ba lallai su kwantar da yaro yau ba, taruwa suke yi a jiki a hankali. Ta ce a kwashe. Ta faɗi haka ne kamar mai cewa a ɗauke kofi daga kan tebur.

Da yamma Balkisu ta isar da saƙo. Sirajo ya saurara har ƙarshe.

"Ita nas ɗin ta taɓa noma?"

"Ba noma muka magana ba. Ci muka magana."

"Wane yaro na bai ci ƙasa ba? Ni nan na ci ƙasa, ga ni."

"Wacce ka ci?"

"Ƙasa dai."

"Ta Kwalkwalawa ka ci. Wagga kai da kanka in ka dawo aiki sai ka yi wanka da sabulu kahin ka ɗauki yarinya."

Sai Sirajo ya samo mafita. Baffa Sodangi zai shigo birni a yi masa aikin yanar ido, kuma a nan gidan zai sauka ya yi jinya. Baffa ya fi shekara hamsin yana noma. In Baffa ya ce ƙasar ba ta da kyau, a ranar za a kwashe. In ya ce tana da kyau, magana ta ƙare.

Balkisu ta yarda, don ba ta ga manomin da zai kalli wannan abu ya kira shi ƙasa ba. Sai dai ba ta yi lissafin ido ba.

Aka yi wa Baffa aiki, Sirajo ya ɗauko shi a keke-napep har ƙofar gida. Dattijo dogo, siriri, an manne masa ido ɗaya da auduga, an ɗora masa baƙin tabarau mai faɗi. Ɗayan idon ma yana jiran nasa layin. Sirajo ya riƙo hannunsa suka ratsa zaure, ya tsayar da shi a tsakiyar gida tun bai zauna ba.

"Baffa, dubi ƙasar da na zuba."

Baffa ya sunkuyar da kai ya duba ta cikin baƙin tabarau.

"Baƙa ta," ya ce. "Ma sha Allahu."

Ya ɗaga kai ya dubi katanga, wadda aka shafa wa farar ƙasa, ya ce ita ma ma sha Allahu.

Sirajo ya waiwayi matarsa. Balkisu na durƙushe tana gaisuwa, kanta a ƙasa, Humaira a baya. Ba ta da ta cewa. Surukinta ne, a gabansa ko sunan yarinyar ba ta kamawa, balle ta buɗe baki ta nuna damuwa a kan 'yar fari. A gidansu an koya mata cewa ko faɗuwa ɗan fari ya yi a gaban manya, uwa kallon gefe take yi, wani ya ɗauka. Ta yi wa Baffa ya jiki, ta kawo masa kunu, ta koma madafa ta tsaya tana kallon tukunya da ba ta buƙatar kallo.

Aka shimfiɗa wa Baffa tabarma a inuwar zaure ta ciki. Ya sha kunu, ya ba da labarin asibiti: likita yarinya ce ƙarama amma hannunta da sanyi, ta ce kada ya sunkuya da yawa, kada hayaƙi ya taɓa shi, kada ƙura, kada ruwa ya kusanci fuskarsa sai ta gan shi ta ba da izini.

"Na ce mata to alwala hwa? Ta ce Baba ka yi taimama. Na ce ashe kin yi islamiyya."

Aka kira la'asar. Masallaci ya yi wa Baffa nisa a wannan hali, a gida zai yi. Ya laluba aljihu, ya laluba jakarsa, ya ce dutsen taimamarsa ya bar shi ƙarƙashin gadon asibiti. Bai damu ba. Manomi ne, duk inda ya juya akwai ƙasa. Ya muskuta zuwa bakin tabarma, ya naɗe hannun riga, ya cire tabarau ya ajiye gefe, ya yi bisimilla, ya buga tafukansa biyu a kan ƙasar tsakar gida.

Balkisu na hangensa daga madafa. Ta ga tafukan sun taso baƙi ƙirin, da ɗan guntun waya maƙale a ɗaya. Ta ga suna tafiya wajen fuskar da aka yi wa aiki jiya-jiya. Ta ajiye ludayi ta yi taku, amma Sirajo ya riga ta. Yana tsugune da buta a bakin rariya, ya yar da butar ya yi tsalle ɗaya ya cafke hannuwan Baffa biyu a sama.

"Baffa tsaya! Kar ka kai wagga ga idonka!"

Baffa ya tsaya da hannuwa a sama kamar wanda aka kama da kayan sata.

"Lahiya?"

"Tokar taya ta. Da baƙin mai. Da waya. In ta shiga idon ga, aikin ya tashi banza."

"Toka?" Baffa ya kawo tafinsa kusa da hanci, Sirajo na riƙe da shi. Ya sansana, ya kawar da kai. "Kai Sirajo, ai ka ce mini ƙasa."

"Ƙasa ta, Baffa. Amma an ƙona abubuwa bisanta."

"To ko taimamar ba ta yi da toka. Wagga ko gero ka jefa mata sai shi nemi hanyar gida."

Sirajo ya sauke masa hannuwan. Yana ta goge tafukan dattijon da gefen rigarsa, yana cire wayar a hankali, yana duba ko ta huda fata.

Balkisu ta iso da ruwa a kwano da sabulu da tsumma mai tsabta. Ta durƙusa ta ajiye a gaban mijinta. Humaira ta leƙo ta kafaɗarta, ta miƙa hannu tana son ƙasa. Balkisu ta san ya kamata ta tashi ta koma madafa. Ba ta tashi ba. Kanta a sunkuye, muryarta kamar mai faɗin an ɗauke wuta, ta ce:

"Humaira ga baki taka sa ta."

Karo na farko ke nan da sunan ya fito daga bakinta a gaban wani babba na dangin miji.

Baffa ya juyo da lafiyayyen idon wajenta, wanda shi ma ba lafiyayye ba ne sosai.

"Ɗiyata, ta ci?"

"Ta ci, Baffa. Shi ya sa ba ni sauke ta."

"Tun yaushe?"

"Tun da anka zuba."

Baffa ya miƙa hannu aka wanke masa. Ya ce a samo masa dutse a waje, kowane iri, ban da bulo. Sirajo ya fita ya daɗe, domin a layin nasu dutsen da ba bulo ba sai an nema. Ya dawo da ɗaya, Baffa ya yi taimama ya yi sallarsa a zaune. Da ya sallame ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa nesa da ido, ya mayar da tabarau.

"Sirajo."

"Na'am Baffa."

"Idona tsoho na, ko ya gyaru shekara nawa za ya yi aiki? Kai ka yi tsalle kamar ɗan akuya. Cikin yarinya sabo hul, ka tsaya jiran sai na zo daga ƙauye."

Sirajo ya ce ai shi ya ɗauka taki ne. Baffa ya ce ya ji. Sirajo ya ce kuma baƙa ce. Baffa ya ce gindin tukunya ma baƙi ne. Daga nan ya nemi a ƙara masa kunu.

Da sassafe Sirajo ya aro kura da shebur. Saboda ƙura aka mayar da Baffa ɗaki aka rufe, aka sa Humaira tare da shi, Balkisu ta ɗaure hanci da gyale tana yayyafa ruwa, ruwan yana gangarewa yana bin ƙafarta. Da aka cika kurar farko Sirajo ya nufi kwararon bayan gida inda ake zubar da shara.

"Ina za ka da ita?"

"Nan baya."

"Nan ɗiyan Adawiyya ka wasa."

"To ina kika so in kai ta?"

"Inda ka ɗauko ta."

Ya dube ta, ya dubi kurar, ya dubi rana da ta fara ɗagowa. Ya juya kan kurar. Malam Siddiƙu mai shago ya ga ƙasa tana fita ta ƙofar da ta shiga, ya ce ma sha Allahu.

Kwashewa ta fi zubawa wuya. Maiƙon ya riga ya sauka cikin ɓaraguzan da ke ƙasa, ya rina su. Balkisu ta ce a kwashe har inda baƙin ya tsaya. Sirajo ya sa diga. Ƙarƙashin bulo ya sami leda, ƙarƙashin leda ya sami buhunan siminti da suka daskare da siffarsu, ƙarƙashinsu wata ledar, da tsohon batirin tocila, da rabin bahon roba. Abin ya fara ba shi haushi, ya zaɓi kusurwa ɗaya ya ce sai ya ga ƙasar Allah. Ya haƙa har ramin ya kai masa ƙugu. Ya fito da kujerar keke.

Ya zauna bakin ramin yana haki. Balkisu ta kawo masa ruwa, ta leƙa.

"Ka same ta?"

"Tana ƙasa."

"To a bar ta can. A mayar da ramin ga, a yi daɓen siminti."

"Shukar hwa?"

"Baffa ya aiko muna da ta Kwalkwalawa cikin buhu, in shuka cikin bokiti. Abin da na sani na ke cikin bokiti."

Daga cikin ɗaki Baffa ya ɗaga murya ya ce zai aiko, amma da sharaɗin Sirajo ba zai ƙara mata komai ba.

Magini ya zo ya yi daɓe, ya karkata shi wajen rariya. Balkisu ta bi shi da ruwa safe da yamma har ya kama, ta wanke da omo, ta ɗauraye, ta bi da tafin hannu lungu-lungu tana neman waya. Ba ta samu ba. Da yamma ta yi, inuwa ta rufe gidan, ta taɓa daɓen da bayan hannu ta ji ya huce. Ta kwance goyo ta ajiye Humaira a tsakiya.

Yarinyar ta zauna tana kallon fili. Ta mari daɓen da tafi, ta duba tafin, ba komai. Sai ta kifa ta kama rarrafe, ta nufi zaure, ta juyo, ta nufi madafa, ta sake juyowa, tana ihu ita kaɗai. Balkisu ta miƙe tsaye sosai, ta dafa ƙugu, bayanta ya yi ƙara. Sirajo na zaune bakin tabarmar Baffa yana ɗiga masa maganin ido.

"Da dai yashi anka sa," ya ce, "da ya hi taushi."

Balkisu ta ɗauki bokiti ta tafi ɗibar ruwa.